Malam, Kada Ɗalibi Ya Riga Ka

Malaman Daura da Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua, sannunku da shan ƙurar alli! A ɗaura ɗamara, wani sabon aiki ya iso, kuma babu mai yin sa sai ku.

Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022 yara suke tambayar na'ura aikin gida. A 2024 Meta AI ta shigo WhatsApp a Najeriya, ta zauna a aljihun duk mai babbar waya. Hana su ba zai yiwu ba.

Kada sunan ƙirƙirarriyar basira ya razana ku. Rubutu ne mai ɗimbin yawa aka ɗura mata, sai ta riƙa hasashen kalmar da ya kamata ta biyo wata. Akasarin abin da ta sha Turanci ne, Hausa 'yar kaɗan ce a cikinta, labarin ƙasar Daura kuwa ya fi ƙaranci. In ta rasa amsa sai ta shirga ƙarya, ko ƙifta ido ba ta yi. Wa zai kama ta? Kai, Malam. Ke, Malama.

Waya ɗaya ta ishi aji guda. Ku tambaye ta labarin rijiyar Kusugu, ko sarauniyoyin da suka yi mulki kafin Daurama, ko lissafin da kun riga kun san amsarsa. Ku rubuta abin da ta faɗa a allo, yara su je su auna shi da littafi da bakin kakanninsu. Wanda ya kamo kuskure a tafa masa. Ku kuma ja musu kunne: ba a ba ta hoton mutum ko sirrin gida.

Na san wuta ba ta zama, kuɗin data kuma daga albashin da bai kai wata ba yake fita. Amma da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ba ku ne kuka zaunar da yaran ƙauye har suka iya ba?

Yau ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Kwalejin Yusufu Bala Usman, duk a Daura. Ga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023, kyauta. Shugabannin makarantu, ku ƙwanƙwasa ƙofofin nan, ku nemi a horar da malamanku. Wanda ya koyo ya tara 'yan'uwansa a ofishin malamai ranar Litinin, kafin a buga ƙararrawa.