Ladan inuwa a bakin filin ƙwallo

A Nguru da Gashua, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, amma bayan La'asar filayen unguwa cike suke. Samari na buga ƙwallo, ƙananan yara na tsaye a rana, dattawa na rububin gindin darbejiya. Babu rumfa, babu randa.

Wasu na ganin ƙwallo lagawu ne, don haka kuɗin sadaka bai dace da wurin ba, masallaci ya fi cancanta. Amma wanda ke jin ƙishin ɗan Adam ne. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, bai tambayi inda mai ɗiba zai nufa ba. Hadisi ma ya tabbatar da gafara ga wanda ya shayar da kare. To, ina ga yaron maƙwabci?

A Gashua, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar mutane, barin yara cikin ƙishi ganganci ne.

Masu hali da shugabannin kulob, a dasa itatuwa, a ajiye randuna, a shimfiɗa tabarmar sallar Magariba.