INA IYAKAR IKON SHUGABAN ƘASA?

Ran nan muna cikin darasin tarihi a makarantarmu ta Karaye, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, kun ce mana Shugaba guda ne ya ba mu Jihar Kebbi rana ɗaya. To, don me shugabannin yanzu ba su iya yin haka? Ko na dā sun fi su ƙarfi ne?" 'Yan'uwansa suka yi dariya, amma mu ba mu yi ba, don tambayar ta fi shekarun mai ita. Muka ce ya yi mana haƙuri mu kwana da ita. Ga amsar da muka samu, mun kuwa ga ya kamata mu sa ta cikin wannan shafi, don sauran 'yan makaranta su auna ta da hankalinsu.

Da fari dai yaron bai yi ƙarya ba. Ran 27 ga watan Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida, wanda ke mulkin soja yana kuma amsa sunan Shugaban Ƙasa, ya yi shelar sababbin jihohi tara. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka wayi gari 'yan Jihar Sakkwato, suka kwanta 'yan Jihar Kebbi. Ba a jefa ƙuri'a ba, ba a nemi yardar wakilan jama'a ba. Yau kuwa in ana son sabuwar jiha, sai wakilan yankin sun nema, mutanen yankin sun yi ƙuri'a, yawancin jihohi sun yarda, sa'an nan Majalisar Tarayya ta amince. Saboda tsawon wannan hanya, tun da mulki ya koma hannun farar hula cikin 1999 ba a ƙara jiha ko guda ba. Ashe tambayar yaron ita ce: wanne ya fi alheri ga talakawa, shugaba mai sakakken hannu, ko wanda doka ta yi wa dabaibayi?

Kafin mu yanke hukunci, sai mu san abin da a ke nufi da Tsarin Mulki. Shi ne babbar dokar ƙasa, wadda ta faɗi wanda zai yi mulki, da yadda za a zaɓe shi, da inda ikonsa ya tsaya. Ba kowane Shugaba ne kuma a ke ba iko iri ɗaya ba. Cikin 1963, da Nijeriya ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe shi ne Shugaban Ƙasa, amma nasa girma ne da ɗaukaka, ragamar mulki tana hannun Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan tsari a ke bi a Indiya da Jamus. Sai cikin 1979 muka ɗauki irin na Amurka, aka haɗa girma da ragama wuri guda. Wanda ya fara hawa wannan kujera kuwa maƙwabcinmu ne, Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma da alli ya soma kamar mu.

Tsarin Mulki na 1999 ya ba Shugaba iko mai yawan gaske. Shi ne kan ƙasa, shi ne mai zartar da dokoki, shi ne babban kwamandan sojoji. Shi ke zaɓen ministoci da jakadu, shi ke tsara yadda za a kashe kuɗin ƙasa kowace shekara, yana da ikon yi wa mai laifi afuwa, kuma muddin yana kan kujera ba a gurfanar da shi gaban alƙali. Amma ku duba da kyau, kusan kowane iko an rataya masa sharaɗi. Ministocinsa sai Majalisar Dattawa ta amince da su, kuma dole kowace jiha ta sami aƙalla guda. Baitulmali ba ya buɗuwa sai bisa doka. Ba ya shelar yaƙi da wata ƙasa sai Dattawa 109 da Wakilai 360 sun zauna tare sun yarda. In Majalisa ta aika masa da doka, kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka sāke amincewa, ta zama doka ko ba hannunsa, kamar yadda aka yi cikin 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. In ya yi babban laifi ana iya tsige shi. Ba shi ke naɗa Gwamnan Kebbi ba, mutanen Kebbi ke zaɓen abinsu. Wa'adinsa shekara huɗu ne, ba a kuma zaɓensa fiye da sau biyu.

To, mai gaggawa zai ce, "Ina amfanin wannan dabaibayi duka? In Shugaba mutumin kirki ne, ai an hana shi aikin alheri ke nan." Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Gaskiya ne doka tana jawo jinkiri, wani lokaci ma mai son zuciya ya fake da ita ya hana ruwa gudu. Amma ga abin da ya kamata mu tuna. Ran 12 ga watan Yuni, 1993, shekara biyu ba ta cika ba da samun jiharmu, mutanen Nijeriya suka fita suka yi layi cikin rana don zaɓen Shugaba tsakanin Alhaji Moshood Abiola da Alhaji Bashir Tofa. Ba a yi mako biyu ba gwamnatin soja ta soke zaɓen. Ikon nan da ya ba mu jiha ba da shawararmu ba, shi ne ya karɓe ƙuri'armu ba da shawararmu ba. Ba iko biyu ba ne, guda ne. Wanda ya yarda a yi masa kyauta ta wannan ƙofa, ba shi da bakin kuka ran da aka yi masa ƙwace ta cikinta.

Ku da kuka san Gulbin Zamfara a Jega kun san wannan. Sa'ad da ya ke cikin gaɓarsa, shi ke shayar da fadama, a sami shinkafa da albasa da kifi. Ran da ya ƙetare gaɓa, ruwan nan dai shi ne ke cin gona da gida. Ba wanda ya taɓa cewa gaɓa ta rage wa gulbi daraja. Haka doka ta ke ga Shugaba. Ba a rubuta ta don ana zaton kowane Shugaba mugu ne ba, sai don ba wanda ya san halin wanda zai gaje shi. Sarki goma, zamani goma.

Amma fa kada ku zaci takarda kaɗai tana tsare ƙasa. Sai an sami mutanen da za su tsaya mata. Cikin 2006 aka kai wa Majalisa shawarar gyaran Tsarin Mulki, wadda za ta buɗe wa Shugaba hanyar zarcewa karo na uku. Ran 16 ga watan Mayu Dattawa suka yi watsi da ita, Shugaba Obasanjo ya sauka cikin 2007. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, cikin 2009 Shugaba Tanja Mamadu ya so ya zarce, kotun Tsarin Mulki ta hana, sai ya rushe Majalisa da kotun gaba ɗaya. Cikin watan Fabrairu, 2010, soja suka tuɓe shi. Wanda ya rushe katangar da ta tsare shi daga mutane, ya rushe wadda ta tsare mutane daga gare shi.

Kada kuma wani ya ce muku wannan ilimin Turawa ne kaɗai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan kusa da mu a Gwandu, ya rubuta littafin Diya'ul Hukkami sa'ad da ya sauka Kano, don ya nuna wa masu mulki cewa akwai shari'a bisa kansu, kuma shawara wajibi ce gare su. Hanyoyi sun bambanta, amma tushen guda ne: mulki amana ce, mai riƙon amana kuwa ba shi ne mai kaya ba.

Saboda haka ga amsarmu ga yaron nan. Shugabannin dā na soja ba su fi na yanzu ƙarfi ba, sun dai fi su rashin mai tsawata musu, wannan kuwa ba abin sha'awa ba ne. Ku 'yan makaranta, cikinku akwai kansiloli da alƙalai da gwamnoni na gobe, wa ya sani ko har da Shugaban Ƙasa. Tun yanzu a ke gane su. In an ba ka monita, ka rubuta sunan abokinka in ya yi surutu kamar yadda za ka rubuta na wanda ba ku shiri. In shekara ta ƙare aka ba wani, ka miƙa masa littafin da fara'a. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya ba mu shugabanni masu sanin iyakarsu, ya ba mu mu kuma ƙarfin halin tuna musu in sun manta. Amin.