Nadama kan wadda ba a taɓa haifa ba



Wani ɗalibina, matashi ɗan shekara 19, ya tsaya bayan an tashi karatu yana ta kame-kame. Da sauran suka watse sai ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma don Allah kada ka yi mini dariya." Na ce bismillah. Ya ce, "Na kashe wata a wasan kwamfuta, yau kwana uku abin yana ci mini rai." Wallahi dariyar ta zo mini har maƙogwaro. Fuskarsa ce ta hana ni sakinta.

Wasan sunansa Undertale, wani Ba'amurke mai suna Toby Fox ne ya fitar da shi a 2015. Yana cikin wasannin da mutum ke shiga rigar wani ya rayu a cikin labarinsa, ya zaɓi abin da zai yi, labarin kuma ya karkata gwargwadon zaɓinsa. A farkon wasan kai yaro ne da ya faɗa wani rami ƙarƙashin ƙasa. Sai wata halitta mai kama da akuya, Toriel, ta tsince ka, ta riƙe hannunka, ta ba ka ɗaki, ta gasa maka abin zaƙi. Da ka ce za ka tafi sai ta tare ƙofa, don tana tsoron a kashe ka a waje. A nan ɗalibina ya yi faɗa da ita har ya kashe ta. Daga baya ya gano ashe ana iya wucewa ba a taɓa ta ba, kai, ana ma iya gama wasan kaf ba a kashe kowa ba. Ya koma baya ya sake, ya bar ta da rai. Sai wani fure mai magana da ke cikin wasan ya tare shi, ya gaya masa ya san abin da ya yi a karon farko. Wannan ne ya hana shi barci.

Ba hukuncin yin wasan nake son mu tattauna ba, wannan wani zama ne daban. Abin da ya tsaya mini shi ne: damuwar yaron nan shirme ce?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1975 wani masanin falsafa a Ingila, Colin Radford, ya yi rubutu kan yadda mutum ke tausaya wa Anna Karenina, tauraruwar littafin Tolstoy, alhali ya san babu ita. Ya ƙare da cewa akwai tufka da warwara a cikin wannan halin namu. Bayan shekara uku Kendall Walton a Amurka ya ce ai ba tsoro ko tausayi na haƙiƙa ba ne, mai kama da shi ne, muna cikin wasan "a ce" ne kamar yara masu 'yar tsana.

Ni ban gamsu da su biyun ba. Duk wanda ya taɓa ganin iyayenmu mata suna share hawaye a gaban fim ɗin Indiya ya san hawayen nan ruwa ne mai gishiri kamar kowane. Labarin ƙage ne, amma maraici ba ƙage ba ne, cin amana ba ƙage ba ne. Zuciya abin da ta sani take gani a cikin labari, ta amsa.

Sai dai abin da ya sami ɗalibina ya wuce tausayi. Bari in kawo wani wasan don bambancin ya fito. A 1997 kamfanin Square na Japan ya fitar da Final Fantasy VII. A cikinsa akwai Aerith, yarinya mai sayar da furanni, wadda mai wasa ke tafiya da ita sa'o'i da yawa, tana warkar da abokan tafiya in sun ji rauni. Kwatsam sai mugun labarin, Sephiroth, ya soke ta da takobi. Mutane sun yi kuka, aka yi shekaru ana yaɗa jita-jitar cewa akwai ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita. Babu. Masu wasan sun rubuta mutuwarta tun farko, ba abin da hannunka zai canza. Wannan baƙin ciki ne, ɗan uwan na mai kallon fim.

Shi kuwa yaron nan da yatsansa ya danna. Akwai wata hanya a gabansa bai neme ta ba. Abin da yake ji nadama ce, ita kuwa nadama ba ta zuwa wa ɗan kallo.

To, na gaya masa kai tsaye: ba ka kashe rai ba, babu haƙƙin kowa a wuyanka, ka kwanta ka yi barcinka. Malamai sun daɗe da bambanta abin da ya gitta a zuciya da abin da mutum ya ƙudurta zai aikata, balle abin da ya faru ga zane a kan allo. Amma ban ce masa damuwarsa banza ce ba. Toriel ba ta nan, gaskiya ne. Shi yana nan. Da na tambaye shi me ya sa ya kai mata duka, ya yi shiru, can ya ce, "Ta tare mini hanya ne, Malam, kuma ina sauri." Wannan amsar ba ta cikin kwamfuta. Tasa ce.

Na san abin da wani zai ce: mutane da yawa suna zaɓar mugunta a wasa don kawai su ga me zai faru, kamar ɗan fim da ke fitowa a ɓarawo, ba ya nuna halinsu. Na yarda, sau da yawa haka ne. Ba zan auna mutuncin mutum da abin da ya danna ba. Amma ɗan fim rubutun wani yake bi. Kuma in har wasa ne zalla, me ya sa wasu ke kasa zaɓar baƙar magana ga wanda suka san zane ne?

Abin da ya fi ba ni tsoro yana ɗaya ɓangaren. William James, a littafinsa na 1890 kan ilimin halayyar ɗan Adam, ya kawo misalin wata attajira a Rasha da ke kuka a gidan wasan kwaikwayo saboda wahalar mutanen labari, alhali mai tuƙa keken dokinta yana waje sanyi na kashe shi. Tausayin wasa yana da arha. Toriel ba za ta roƙe ka kuɗin magani ba, ba za ta kira ka ƙarfe biyun dare ba, kuma in ka ɓata mata akwai maɓallin komawa baya. Mutum na iya sabawa da daɗin jin cewa shi mai taushin zuciya ne, alhali bai taɓa biyan ko kwabo a kai ba. Wannan ba ciwon masu wasa kaɗai ba ne, mu ma masu hawaye a wurin wa'azi mu duba kanmu.

Da zai tafi na tambaye shi ko akwai wani a gida da ke tare masa ƙofa saboda tsoron abin da zai same shi a waje. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Umma, kullum in zan fita bayan isha'i." Na ce me kake ce mata? Bai amsa ba. Ya ɗauki takalminsa, muka yi sallama.