Zumunci a Ƙafa Yake: Ziyarar Yaron da Kake Ɗaukar Nauyinsa

Karatu: Romawa 15:25-33, 2 Korintiyawa 8:1-15, Yakubu 1:27

Akwai tambayar da takan taso idan ikkilisiya ta shirya tura mutanenta wata ƙasa domin hidimar 'yan kwanaki. Mai bi ya yi shekaru yana biyan kuɗin makarantar wani yaro wanda bai taɓa gani ba, sai dai hotonsa da wasiƙunsa. Yanzu ga tafiya ta samu, ga kuma zarafin ganin yaron ido da ido. Sai ma'ajin ikkilisiya ya yi lissafi, ya ce kuɗin jirgi da biza da masaukin mutum ɗaya zai riƙe yaron nan a makaranta shekaru da dama. To, wanne ya fi: a je, ko a aika da kuɗin? Tambayar tana kan hanya, bai kuwa kamata a rufe bakin mai yinta da zargin ƙarancin bangaskiya ba.

Hidimar ɗaukar nauyin yaro daga nesa ta yi ƙarfi a tsakanin masu bi ne a zamanin yaƙin Koriya. A 1950 Bob Pierce ya kafa World Vision. A 1952 kuma wani mai bishara daga Amurka, Everett Swanson, ya je Koriya ta Kudu yi wa sojoji wa'azi, ya tarar da marayun yaƙi suna kwana a bakin titi cikin sanyi. Abin da ya fara domin su shi ne ya zama Compassion International, wadda ke aiki ta hannun ikkilisiyoyin da ke garuruwan yaran. Mu Hausawa mun san wani abu makamancin wannan tun kaka da kakanni, wato riƙo. Bambancin shi ne ɗan riƙo yakan koma gidan mai riƙonsa, amma wannan yaro yana nan a ɗakin uwarsa, a ƙarƙashin ikon ubansa, taimako ne kawai ke zuwa daga waje.

Kuɗin da ake aikawa yana yin aiki. A 2013 wani masanin tattalin arziki mai suna Bruce Wydick da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a ƙasashe shida, har da Kenya da Yuganda, suka ga cewa yaran da aka ɗauki nauyinsu sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da shekara guda ko fiye. Saboda haka ma'aji yana da hujja. Idan ba abin da tafiyar za ta ƙara sai kallon ƙasa da ɗaukar hoto, gara a zauna a gida a aika da kuɗin.

Duk da haka, dubi abin da Manzo Bulus ya yi. Ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. Yana iya ba amintaccen mutum ɗaya jakar kuɗin ya kai. Maimakon haka ya tashi da kansa, duk da cewa an gargaɗe shi cewa ɗauri na jiransa a can, kuma Ayyukan Manzanni 20:4 ta ambaci mutum bakwai daga ikkilisiyoyi dabam-dabam da suka raka shi. Tafiyar mutum takwas ta ruwa da ta tudu ba ƙaramin kuɗi take ci ba. Bulus ya ga ya cancanta, domin abin da yake so ya kai Urushalima ya fi azurfa. Yana so masu bi na Yahudawa su ga fuskokin 'yan'uwansu na al'ummai, su ci abinci tare, su san cewa jiki ɗaya ne. Kuɗi yana iya tafiya shi kaɗai, amma zumunci a ƙafa yake.

Yakubu ma ya goyi bayan wannan. Inda ya bayyana sahihin addini da kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita tana ɗauke da ma'anar zuwa a duba mutum inda yake. Ita ce kalmar da Ubangiji ya yi amfani da ita a Matiyu 25 game da duba marar lafiya, ita ce kuma Luka ya rubuta sa'ad da Zakariya ya yabi Allah domin ya ziyarci jama'arsa. Allahn da muke bauta wa ya aiko da annabawa da Shari'a, a ƙarshe kuma ya zo da kansa, ya zauna a cikinmu. Don haka ziyara tana da tushe mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne mu san da wace irin zuciya ake yinta.

A nan akwai wata aya da masu karatu da yawa sukan wuce da sauri. A Romawa 15:31 Bulus ya roƙi ikkilisiyar Roma ta yi masa addu'a domin tsarkaka na Urushalima su karɓi hidimarsa. Ka lura da kyau. Mai kawo kuɗi ne yake fargabar ko za a karɓe shi. Bai ɗauka cewa talauci ya hana su ikon cewa a'a ba. Har ma ya ce al'ummai ne ke da bashi a wuyansu, tun da daga Urushalima bishara ta fito musu. Ya tafi kamar mai biyan bashi, yana fatan a amsa masa sallama. Mai bin da ya shiga jirgi da irin wannan zuciya bai ɓata kuɗin ikkilisiya ba. Wanda ya tafi kamar mai gona da ya zo duba yabanyar da ya zuba wa taki kuwa, ya riga ya mai da yaro dukiyarsa tun kafin ya sauka.

Yanzu ka sa kanka a ranar haɗuwar. Ga ma'aikacin ƙungiya da mai fassara a gefenka, domin ƙungiyoyin kirki ba sa barin baƙo ya kaɗaita da yaro, wannan kuwa kariya ce da ya kamata ka yi murna da ita. An share tsakar gida tun asuba. Yaron da ke cika takarda da surutu a wasiƙa ya sunkuyar da kai, ya kasa cewa komai. Kada ka matsa masa. Ka nemi maigidan tukuna, ka gaishe shi yadda ake gai da mai gida, ka gai da uwar yaron, ka yi musu sannu da ƙoƙari. Mutumin nan ya yi noma, ya yi dako, ya ci bashi domin ɗansa, yau kuma ga wani ya sauko daga mota ana nuna shi a matsayin wanda ya sa yaron a makaranta. Ka san abin da kunya take yi wa magidanci. Kai kana aika wani abu sau ɗaya a wata, su kuwa su ne ke tashi da shi cikin dare idan zazzaɓi ya kama shi. Baƙo raɓa ne. Ka bar gidan a kan cewa girman uban a idon ɗansa ya ƙaru.

Wataƙila za a yanka maka kaza, wataƙila ma ita kaɗai ce a gidan. Zuciyarka za ta ce ka hana. Ka ci, ka yi godiya, in an ba ka tsaraba ka karɓa da hannu biyu. Wanda ya ƙi karɓa daga hannun matalauci ya gaya masa ke nan cewa ba shi da abin bayarwa. Ubangijinmu ya roƙi Basamariya ruwan sha, ya kwana a gidajen mutane, ya hau jakin aro. Ka kuma dubi ƙannen yaron da yayyensa da ke leƙe daga bakin ƙofa, waɗanda ba a ɗauki nauyinsu ba. Labarin Yusufu da rigarsa ya isa ya koya mana abin da fifiko yake haifarwa a cikin gida. Kyautar da za ta shiga tukunyar iyali duka ta fi wadda za ta ware yaro ɗaya.

Sai ka tsare bakinka daga alkawari. A irin wannan rana zuciya takan yi taushi, mutum ya ce zan kai ka ƙasarmu, zan biya maka jami'a, zan dawo baɗi. Kai za ka manta kafin jirgi ya sauka, yaro kuwa zai riƙe maganar har girmansa. Haka kuma batun hoto. Kafin ka sa fuskar ɗan wani da bangon ɗakinsu da ya tsage a Facebook, ka tambayi kanka ko za ka yarda a yi wa naka ɗan haka. Matiyu 6 ta gargaɗe mu game da yin sadaka domin idon mutane, ƙahon da ake busawa a zamaninmu kuwa yana cikin aljihun kowa. A 2019 World Vision ta fara wani tsari inda ake jera hotunan masu son taimakawa, yaran ne kuma ke zaɓar wanda suke so. Ko da ba ta wannan hanya ka sami naka yaron ba, darasin ya shafe ka: shi ma mutum ne mai ra'ayi da mutunci.

Kada kuma ka ɗauka cewa matsayin mai bayarwa naka ne har abada. Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa yalwarsu ta yau za ta rufe rashin waɗansu, domin wata rana yalwar waɗancan ta rufe nasu, ya kawo misalin manna a jeji. Tarihi ya tabbatar da haka. Koriya ta Kudu, inda Swanson ya tarar da marayu a titi, ta daina karɓar taimakon Compassion a 1993, a 2003 kuma masu bi na can suka fara ɗaukar nauyin yaran waɗansu ƙasashe. Mu ma mun san wannan juyi. A 1893 Gowans da Kent da Bingham suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasarmu, biyu daga cikinsu suka mutu cikin shekara guda. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa wadda muke kira EMS, yau kuma 'ya'yanmu ne ke ƙetare iyaka zuwa ƙasashe maƙwabta. Dattawa da yawa a majami'unmu sun yi karatu da kuɗin mutanen da ba su taɓa gani ba. Wanda ya san ɗacin miƙa hannu ya kamata ya fi kowa iya bayarwa ba tare da ƙasƙantar da mai karɓa ba.

To, a je ko a aika? Idan tafiyar za ta cinye abin da ka saba aikawa, ka zauna, ka rubuta wasiƙa, ka yi addu'a, ba ka yi laifi ba. Idan kuwa Allah ya hore maka duka biyu, ka je, ka tafi a matsayin ɗan'uwa. Ma'aunin tafiyar zai bayyana ne bayan ka dawo, sa'ad da rahoton da ka bayar a majami'a ya wuce, tafi ya lafa. Wata shida bayan haka, kana rubuta masa? Kana ambaton sunan uwarsa da ubansa a addu'ar iyali? Idon da ya buɗe a wata ƙasa yana ganin marayan da ke zaune a bencin baya na makarantar Lahadi, wanda aka koro daga makaranta saboda kuɗin zango? Idan amsar i ce, kuɗin jirgin bai faɗi ƙasa banza ba.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka ziyarce mu cikin Ɗanka sa'ad da ba mu da abin biya, ka koya mana shiga gidan matalauci da tawali'u. Ka tsare yaran da ka sa a hannunmu, ka ƙarfafa iyayensu, ka kuma sa mu cika abin da muka faɗa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.