Kumfa da Ruwan Fadama

Duk lokacin da wasan kwaikwayon da ya sha yabo ya ɓace daga talabijin, sai ka ji ana cewa da yana da amfani da bai mutu ba. Wasu har sukan kafa hujja da misalin da ya zo a aya ta 17 ta Suratur Ra'adi, inda aka kwatanta ɓata da kumfar ambaliya mai gushewa, gaskiya kuma da abin da ke zama a ƙasa ya amfani mutane. Misalin gaskiya ne. Fahimtar da ake masa ce ta karkace, kuma mutumin Haɗejiya ya fi kowa damar gane haka.

Ruwan da ke malala daga Haɗejiya zuwa Nguru ba a nan ake yanke masa hukunci ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawansa da lokacin zuwansa suka koma hannun masu buɗe ƙofa can sama. Ruwa ya daina janyewa da rani kamar dā, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, tsuntsayen jan baki suka yi gida a cikinta. Babu manomin da zai ce kacalla ta fi shinkafa daraja don ta fi ta daɗewa.

Haka wasan kwaikwayo yake, ƙofarsa na hannun wasu. A Disambar 2019 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi na tashar Arewa24. A Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakinsu ba tare da tacewa ba. Waɗannan sun yi ƙara, shi ya sa aka ji su. Mutuwar da ta fi yawa ita ce ta shiru, wadda rashin kuɗi ke yi. Dubi teburin mai shayi bayan isha'i: samari goma sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ɗayansu ya tare ta da gwangwanin madara don kada ta faɗi. Na'urar YouTube mutum ɗaya ta ƙirga. In kuwa a rumfar masu tura fim aka zuba musu shi, ko sisi bai kai hannun wanda ya ɗauki nauyinsa ba. Sun so shirin har zuci, amma sonsu bai shiga lissafin mai talla ba.

Za a ce hukuma na da haƙƙin kare tarbiyya, kuma furodusa ba ya biyan 'yan wasa da yabo. Duka biyun gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai amincewa da su na nufin mutum ne ya yanke shawarar, da dalilin da ya wajaba ya faɗa a auna shi. A nan nake jin zafin masu rufe maganar da kalmar ƙaddara. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mai aiki nauyin aikinsa ba. Wanda ya rufe ƙofar ruwa ana tambayarsa, ko da Allah ne ya rubuta farin.

To ina zaman da ayar ta ambata? Zama a ƙasa daban, yawo a saman ruwa daban. Ambaliya kan janye har fadama ta tsage, amma ruwan ya nutse, shi ne mai noman rani ke tararwa in ya haƙa rijiya kusa-kusa. An daina wasan Samanja Mazan Fama shekaru da yawa, Usman Baba Pategi da ya fito a matsayin Samanja ma ya rasu a 2023, amma har yau in tsohon soja ya ɗaga murya a kasuwa yana kwaɓa Hausa da Turanci, sai ka ji wani ya kira shi Samanja, kowa kuma ya gane.