Motar da Aka Haɗa da Hannu: Nawa Ne Farashinta na Gaskiya?

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san irin motocin da ke tsayawa a Tambuwal, da waɗanda ke ratsewa zuwa ƙauyukan Kebbe da buhuna a baya, mutane kuma a kan buhunan. Da yawa cikinsu ba kamfani ɗaya ne ya ƙera su ba. Kan motar na Peugeot 504 ne, injin an ciro shi daga wata da ta yi haɗari, giya daga wata dabam, bodin baya kuwa aikin mai walda ne da kafinta. Asali ma haɗa 504 ake yi a masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975 da kayan da ake kawowa daga Faransa. An daɗe da daina haɗa ta a can, amma makanikanmu sun ci gaba da haɗa tasu a gindin bishiya, kuma da ita abinci ke isa kasuwa.

To, 'yan'uwa, a ce ɗaya daga cikinmu bakanike ne a Tambuwal. Shekara uku yana tara kaya, yau taya, gobe lagireto, har ya tayar da a-kori-kura da hannunsa. Ya yi aiki da ita shekara huɗu. Yanzu kuɗin makarantar yara ya taso, ga rashin lafiya a gida, dole ya sayar. Dillali ya kawo masa wani manomi daga Kebbe da ya sayar da shanu biyu da hatsin bana don ya mallaki abin ɗaukar kayansa. Bakaniken ya san abubuwa uku da manomin bai sani ba. Ƙashin motar ya taɓa tsagewa ta ƙasa, an yi walda an shafe da fenti. Injin yana shan baƙin mai in tafiya ta yi nisa. Agogon da ke nuna tsawon tafiyar da motar ta yi kuma na wata mota ne. Nawa ya kamata ya ce?

In mudun gero ne tambayar ba ta da wuya, domin a rumfa ta gaba ana sayar da irinsa, kowa ya san kuɗinsa a ranar. Motar haɗi ba ta da 'yar'uwa da za a gwada ta da ita. Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Ingila, tun 1957, kamfanin Lotus ya riƙa sayar da wata 'yar ƙaramar motar gudu mai suna Seven a warwatse, mai saye ya kai gida ya haɗa da kansa, domin a lokacin motar da ba a haɗa ba ba ta biyan harajin saye. A 1973 kamfanin Caterham ya karɓi ƙera ta. Masu irin waɗannan motoci, in sun tashi sayarwa, sukan tarar kasuwa ba ta biyan dararen da suka kwana a gareji, mai saye kuma ba ya da hanyar sanin ko hannun da ya ɗaure kusoshin na gwani ne. Motarsu ta nishaɗi ce, tamu ta neman abinci, amma mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo a can da nan.

Bishof-bishof biyu na farko na Sakkwato, Edward Lawton da Michael Dempsey, 'yan ƙungiyar Dominikan ne. Babban malamin wannan ƙungiya, Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya keɓe wa saye da sayarwa babi guda a babban littafinsa, Summa. Bai san mota ba, da doki ya yi misali. Ya ce an kafa ciniki ne don amfanin mutum biyu, kowa yana bukatar abin da ke hannun ɗan'uwansa, saboda haka bai kamata nauyin ya faɗa wa ɗaya fiye da ɗaya ba. Ya kuma yarda cewa farashin adalci ƙiyasi ne, ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya ɓata shi. Mu ma mun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tayi da “albarka” da ƙari har a kai ga sallama, duk babu zunubi a ciki.

Abu na farko da zai zo wa bakaniken a rai shi ne lissafin abin da ya kashe. Lissafi ne mai kyau, sai dai a cikinsa akwai giyar da ya saya sau biyu don ta farko ba ta dace ba, akwai fentin da ya sake don launin bai yi masa ba. Wannan kuɗin koyo ne, shi ya ƙaru da ilimin, ba manomin ba. Mai saye yana biyan abin da motar za ta iya yi masa daga yau. Ta ɗaya gefen kuma, kada lamiri ya dame shi in kuɗin da ya dace a yau ya ninka abin da ya kashe a da. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowane ƙarfen mota ya tashi. Wanda ya sayar a tsohon farashi ba zai iya sayen ko babur mai kyau da kuɗin ba. Toma da kansa ya ce farashi yakan canja da canjin wuri da lokaci, da gyaran da aka yi wa kaya, kuma riba madaidaiciya don ciyar da iyali halal ce.

Na biyu shi ne ƙauna. Mutum yakan so abin da ya ƙera da hannunsa, ya san ƙarar injinta tun daga nesa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. A nan Toma ya yi wani bambanci da ya kamata mu riƙe. In wani ya matsa sai ka sayar masa da abin da rabuwa da shi zai jawo maka hasara ta gaske, kana iya saka wannan hasara a farashi. Amma in kai ba ka yi hasarar komai ba, shi ne dai yake cikin matsananciyar bukata, ba ka da ikon ƙara kuɗi saboda bukatarsa, domin bukatar tasa ce, kuma ba a sayar wa mutum abin da ba naka ba. In bakaniken ya ji labari shinkafar manomin tana fadama ruwa na shirin cinye ta, ya ƙara naira dubu ɗari biyu a kan abin da ya yi niyyar faɗa jiya, to damuwar mutumin ya sayar masa. Katikizim na Ikilisiya, na 1992, ya lissafa wannan ƙarƙashin doka ta bakwai, tare da algus a ciniki: tsawwala farashi don an ga mutum cikin rashin sani ko ƙunci.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne aibi. Toma ya raba shi biyu. Akwai na fili, kamar doki mai ido ɗaya. Wannan ba dole mai shi ya yi ta shela a kansa ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. Gilashin da ya tsage, kujerar da ta yage, ƙofar da sai an ɗaure ta da waya, duk manomin yana da idon gani. Akwai kuma ɓoyayye, wanda zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu. Wannan wajibi ne a faɗa, in ba a faɗa ba cinikin yaudara ne, kuma biyan diyya ya hau kan mai sayarwa. Shan mai hasara ce ta aljihu, agogon ƙarya ƙarya ce kawai da aka rubuta da lambobi. Waldar nan ta ƙasa kuwa maganar rai ce. Mun san yadda ake loda waɗannan motoci ranar kasuwa: buhu ashirin, awaki, mata da goyo a sama. Mun san hanyoyin ƙauye da damina. Ranar da ƙarfen ya rabu a kan gangara, waɗanda za su faɗo ba su kasance wurin ciniki ba, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda.

Mukan ji ana cewa, “Ai ya duba da idonsa, ya zagaya ta, ya ce ya gani ya yarda.” Wace dubawa manomi zai yi wa abin da aka shafe da fenti musamman don kada a gani? Dokar ƙasa tana iya ƙyale wannan, domin ba kowane rashin gaskiya alƙali ke iya kamawa ba. Toma ya lura cewa dokar Romawa ma ba ta warware ciniki sai cutar ta wuce rabin ƙimar kaya, ya ce dokar Allah ba ta da wannan rangwame. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da su muke yawancin cinikinmu a Tambuwal da Kebbe, suna da labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, aka tsawata masa, kuma a fiƙihunsu mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ba za mu iya cewa ba a san wannan a kasuwarmu ba.

Bakaniken yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce, “In na faɗi gaskiya, gyaran dubu hamsin za a zabge mini dubu ɗari uku a kansa. Ni ma wanda ya sayar mini da injin bai gaya mini komai ba. Ni kaɗai zan zama waliyyi a kasuwa, 'ya'yana su zauna gida?” Gaskiya ne mai faɗin aibi yakan yi hasara a ranar, kuma ba mu da alkawarin da za mu yi masa cewa zai mayar da ita a mako mai zuwa. Amma cutar da aka yi masa bashi ne tsakaninsa da wanda ya cuce shi, manomin Kebbe bai ci ko kwabo a ciki ba. Ragin da yake tsoro kuma ɓoye-ɓoyen ne ya haife shi. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya nuna a 1970 cewa inda masu saye ba sa iya bambance tsohuwar mota mai kyau da mara kyau, sukan taya kowace da kuɗin mara kyau, masu nagari su janye tasu, kasuwa ta cika da tarkace. Wannan bincike na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Dillalan tasha sun san haka ba tare da karanta shi ba, shi ya sa tayin farko kullum yake kamar zagi.

Akwai hanyar faɗin gaskiya da ba wauta ba. Ya ce wa manomin ya zo da bakaniken da ya amince da shi. A shiga ƙarƙashin motar tare, ya nuna waldar da yatsansa, a tambayi mai walda kuɗin sake ta da sabon ƙarfe, a cire wannan daga farashi, ba fiye ba. In ya fi so, ya gyara kafin ya sayar. A rubuta abin da aka faɗa a gaban shaidu, a haɗa da takardun motar na gaskiya. Dillali kuma, wanda la'adarsa ke ƙaruwa in kuɗi ya ƙaru, ya sani in ya san aibin ya yi shiru, ko ya rantse a kan abin da bai sani ba, yana da rabonsa a alhakin. Wanda kuwa ya riga ya sayar ya ɓoye, furta zunubi bai rufe maganar ba. Sai ya nemi mutumin, ya gaya masa inda waldar take tun motar ba ta kashe kowa ba, ya mayar da abin da ya ci a kai.

Kada masu saye su karanta wannan suna murna. Littafin Karin Magana, sura 20, ya zana mai sayen da ke kushe kaya a gaban mai shi, in ya juya baya ya shiga fahariya da arahar da ya samu. Waliyyi Agustin ya ba da labarin wani da aka kawo wa littafi, mai sayarwa bai san darajarsa ba ya faɗi kuɗi kaɗan, mutumin ya biya shi cikakkiyar ƙima. A wurinmu wannan yakan faru ne bayan rasuwa. Bakanike ya mutu, motar da ya haɗa tana tsaye a ƙofar gida, matarsa ba ta san injin sabo ne ba, ba ta san kuɗin taya ɗaya ba, ga bashin asibiti. Waɗanda suka fi sanin darajar motar abokan aikinsa ne, wasu ma tare muke durƙusawa da su ranar Lahadi. Su ne ke fara zuwa bayan an share makoki, su buga taya da ƙafa, su girgiza kai, su ce tsohon ƙarfe ne, sai dai a taimaka mata a karɓa.