Amanar Ɗan Makarantar Mishan

Iyayena da ƴan'uwana na ƙasar Gaya, tun daga bakin kogi har Junju, Karakara da Zabori.

Oktoba ta kama. Gero ya shiga rumbu, masu rake suna jiran lokacin sara, mu kuma a Ikilisiya muna cikin watan Rosari. A watan nan ne ake ɗaure wa ƴan lakwal kaya: tabarma, bokiti, ƙullin gari, da ɗan kuɗin mota a bakin zane. A kan waɗannan yara nake so mu yi magana, musamman waɗanda Allah ya ba rabon shiga kwalejin mishan a birni. Na san ba su da yawa a cikinmu, ƙarancin nasu ma yana cikin abin da ke damuna.

Mu Kiristocin Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Duk da haka, in ka ambaci makarantar mishan a Yamai ba wanda zai ce maka mece ce ita. Tun da Fada François Faroud ya kafa mishan a can a 1931, inda duk aka gina majami'a sai ka ga aji ya biyo baya. Bayan samun mulkin kai sistoci daga Kanada suka buɗe kwalejin Mariama domin ƴan mata, a zamanin da macen da ta wuce firamare abar nunawa ce da yatsa. Ƴan'uwa na De La Salle suka riƙe makarantar Issa Béri suna koyar da sana'a. A Kano ma sistocin St. Louis sun iso daga Ayaland a 1948, makarantarsu tana nan a Bompai har gobe. Ku shiga aji ɗaya a Yamai ku ƙirga, za ku tarar ƴaƴan Musulmi sun fi namu yawa nesa ba kusa ba. Iyayensu sun kawo su ne domin an shaidi wurin: malami yana shiga aji kan lokaci, ana duba littafin yaro, maki kuma ba na sayarwa ba ne.

Mun gode wa Allah da wannan shaida. Amma ku mutanen ƙasar giginya ne, kun san abin da Bahaushe ya ce da inuwarta: na nesa ka sha. Makarantun nan a manyan birane suke. Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, ɗan Zabori kuwa yana da tasa tafiyar kafin ma ya kama babbar hanya. Ga kuɗin makaranta, ga tufafi, ga littattafai, ga ci da sha na wata tara. Rufe gadar Gaya da Malanbil da aka yi a 2023 ya karya jarin mutane da yawa a yankin nan. Sai ka ga ɗan babban ma'aikaci da ɗan attajiri suna kan benci, ɗan katikis da ya tsufa yana buga ƙararrawa a ƙauye kuwa yana bayan awaki. Kada mu yi saurin ɗora wa sistoci laifi. Malami yana da iyali, dole a biya shi. Alli da wuta da ruwa ba sadaka ake ba su ba. Taimakon da ke zuwa daga Turai kuma ba kamar da ba ne. Lokacin da za mu naɗe hannu mu ce aikin Turawan mishan ne ya wuce. Babban Bishop na Yamai, Laurent Lompo, haifaffen yankin Makalondi ne, shi ne ɗan Nijar na farko da ya zama bishop. Tunda shugaban ya zama namu, kayan ma a kanmu suke.

Ku dubi wanda ya kafa ƙungiyar ƴan'uwan nan na Issa Béri, waliyyi Yohanna Mai Baftisma de La Salle. Ɗan masu hali ne a birnin Reims na Faransa, fada ne mai muƙami. Malaman da ke koyar da ƴaƴan talakawa a zamaninsa ba a ɗauke su bakin komai ba. A 1680 ya fara kiran su suna cin abinci tare da shi, da shekara ta zagayo ya shigo da su gidansa suka tare. Dangi suka ce ya zubar musu da mutunci, har suka ɗauke wasu ƙannensa daga hannunsa. Bai fasa ba. Da yunwa ta faɗo bayan ƴan shekaru, ya rabar da dukiyarsa ga mabukata. Aikin da yau ya kai ƙasashe wajen 80 daga nan ya faro, daga mutum ɗaya da ya buɗe wa waɗanda ba danginsa ba ƙofar gidansa.

To, ku masu riƙo, ku da ke Gaya da Dosso da Yamai kuna karɓar ƴaƴan dangi daga ƙauye, da ku nake yanzu.

Ga yarinya ƴar shekara 13, ta ci jarrabawa, uba ya sayar da rago ya biya kashin farko, aka kai ta gidan gwaggo. Tun kafin kiran assalatu an tashe ta. Ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta hura wuta, ta wanke kwanukan daren jiya, ta yi wa ƴaƴan gwaggo wanka ta shirya su. Su aka ɗora su a babur da burodi a jaka, ita ta bi da ƙafa, da ɗumamen tuwo in ya ragu. Ta iske an ɗaga tuta, an gama addu'ar safe, an rufe ƙofa, sai ta bi sahun masu latti a yi mata horo. Kafin tsakar rana barci ya kwashe ta a kan tebur. Da yamma tiren talla yana jiran ta. Ƙarfe 10 na dare, da ta samu ta buɗe littafi, aka ce ta kashe wuta, kuɗin lantarki ya yi yawa. Ranar da takardar sakamako ta fito, gwaggo ta buga waya gida: "Yaya, ƴarka fa ba ta da kai." Uba ya ce to, Allah bai yi ba, ta dawo a yi mata aure.

Gwaggon nan tana cikin mawaƙan majami'a. Ran Lahadi tana sahun gaba da ankon zumunta, tana karɓar Jibi Mai Tsarki.

Ban ce kada yaro ya taɓa tsintsiya ba. Ɗan da ba ya aikin gida ba mu san shi a ƙasar Hausa ba, kuma ba ma fatan mu san shi. Abin da nake tambaya shi ne, aikin da kika ɗora wa ƴar riƙo, kin ɗora wa taki rabinsa? Kwanon da aka zuba wa naki, shi aka zuba mata? Ubangiji ya gaya mana cewa ranar shari'a za a tambaye mu baƙon da muka saukar da mayunwacin da muka ciyar, kuma abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta shi muka yi wa. Ya kuma yi kashedi mai nauyi, har da ambaton dutsen niƙa a wuya, ga wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Kai ma maigida ba ka fita ba. Kana ganin abin da ake yi a gidanka ka kau da kai don a zauna lafiya, wannan shirun za a tambaye ka shi. Wanda kuma ya ɗaga ido ya dubi ƴar riƙo da wata manufa, ya sani amanar Allah ya ci, kuma ba za mu rufa masa asiri da sunan zumunci ba.

Ku kuma iyaye na ƙauye, ku tuna labarin da Luka ya ba mu. Yesu yana shekara 12 aka je idi da shi Urushalima. Da aka juyo, Uwa Maryamu da Yusufu suka yi tafiyar yini guda ba tare da shi ba, suna zaton yana cikin ayari, wurin dangi da abokan arziki. Wannan zaton shi ne namu: ai yana hannun ƙanwata, ai yana gidan kawunsa. Amma su da suka duba ba su gan shi ba, ba aike suka yi ba. Da ƙafarsu suka koma, suka yi ta nema har kwana uku, sannan suka same shi a Haikali cikin malamai yana saurare yana tambaya. Kai fa, tun da ka sa yaron a mota, ka taɓa zuwa ka ga inda yake kwana? Ka san sunan malaminsa ko ɗaya? Rashin boko ba hujja ba ce. Ko ba ka iya karanta takardar sakamako ba, kana iya karanta idon ɗanka da wuyansa in ya rame. Kana iya tsayawa gaban darakta ka ce, ni ne uban wance, yaya take? Babban taron bishop-bishop na Vatikan ya fitar da takarda a kan tarbiyya ran 28 ga Oktoba 1965, ya ce iyaye su ne malaman farko kuma mafi girma ga ƴaƴansu. Makaranta mataimakiya ce. Biyan kuɗi bai sauke maka nauyi ba.

A ranar nan ɗaya taron ya fitar da wata takardar da ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. Ƴaƴana ƴan makaranta, wannan taku ce, domin ku kuke zama da su benci ɗaya. A 2025 Ramadana ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta faɗo ran 5 ga watan, sai ga masu azumi iri biyu a aji ɗaya, wani da toka a goshi, wani da busasshen leɓe. Kada ka ci abinci kana yi wa mai azumi gwalo. Kada ka raina sallarsa, kada kuma ka ɓoye gicciyenka cikin riga don kunya. In an tashi darasin katikisim ka je, in ana Mes ta makaranta ka tsaya har ƙarshe. Ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, wutar ta shafi har makarantu. Ba mu kuma manta cewa akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu a ranakun ba. Irin wannan maƙwabcin tun yana yaro ake samun sa, wurin aron biro da raba ƙosai lokacin hutu. Abokin bencinka wata rana shi ne alƙali ko likita ko limamin unguwa, kuma abin da zai riƙa tunawa game da Kirista shi ne halin da ya gani gare ka. In ya ga kana satar amsa a jarrabawa da rosari a wuya, wa'azin da ka yi masa ke nan.

Maganar ƴan mata ba zan ja ta ba, don kun san ta. A ƙasar nan wajen uku cikin kowane mata huɗu ana yi musu aure kafin su cika 18, kuma gidajen Kirista ba su tsira ba. Yarinya ta faɗi aji ɗaya a ce ta gama, yaro ya faɗi sau biyu a sake sayar da akuya. Baftisma ɗaya aka yi musu. Ku bar ta ta maimaita.

Ga roƙona. Kowace ƙaramar jama'a, ko gida biyar ne ke taruwa ƙarƙashin rumfa ran Lahadi, ta ware damin gero daga baikon kaka domin ɗan makaranta ɗaya, a zaɓi wanda ya fi ƙoƙari kuma ya fi rashi, ko ɗan wa ne. Zumuntar mata a birni ta san gidan da kowace ƴar riƙo take, a riƙa leƙa ta ba tare da an yi sallama tun jiya ba. Wanda yake da ɗakin da ba kowa, kuma ya san zai iya riƙon ɗan wani kamar nasa, ya je ya ba Fada ko katikis sunansa bayan Mes. Wanda ya san ba zai iya ba, don Allah ya faɗa tun yanzu, kafin a ɗora yarinyar a mota.